Talaka Ma Yana da Zuciya

Duk mutumin da ya shiga ajin yaƙi da jahilci da girmansa, ya jure dariyar yara da zunɗen tsara, har Allah ya nufe shi da karɓar takardar shaida, ya san abin da ya biya kafin karatun nan ya zauna masa. Ya biya da la'asar ɗin da ya kamata ya yi a gona ko a bakin sana'a, ya biya da kuɗin fensir da littafi, ya kuma biya da kunya, wadda ita ta fi duka tsada. Saboda haka yana da iko ya bincika abin da a ke miƙo masa ya karanta, kamar yadda mai sayen dawa a kasuwar Karaye ya ke da iko ya tura hannu cikin buhu, ya ga ko ƙasan ya yi daidai da bakin.

To, in aka ɗebe littattafan addini, babu abin da ya kai littattafan soyayya yawo a hannun masu karatun Hausa. Waɗansu a kasuwa a ke sayensu, waɗansu aro a ke yi daga gida zuwa gida har bangonsu ya yage, waɗansu a wayar hannu a ke karanta su, waɗansu kuwa a rediyo a ke karanta wa jama'a. Rubuta labarin so ba laifi ba ne, karanta shi ma ba laifi ba ne, gama da so a ke ɗaura aure, da aure kuwa gari ya ke tsayuwa. Laifin yana wani wuri dabam. In aka tura hannu cikin buhun nan, sai a tarar da yawa daga littattafan sun tauye wa talaka mudu ta fuska biyu: sun hana shi zama gwarzon labari, sun kuma koya masa cewa baƙin ciki ba shi da magani sai kuɗi.

Ga yadda abin ya ke. Manomi a Zarewa, ko matarsa, ya buɗe littafi bayan sallar isha'i. Shafi na fari sai ga saurayi ya fito daga mota, ɗan wani Alhaji ne, ya yi karatu a Landan, yana da kamfani, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga ɗaki. Za a ƙirga motocin gidansu, a faɗi irin agogon da ke hannunsa, amma har littafin ya ƙare ba za a ga ranar da ya yi gumi ba, ba kuma za a faɗi aikin da a ke yi a kamfanin nan ba. Mai fartanya fa? Yana nan, amma a bakin ƙofa. Shi ne maigadi mai buɗe ƙyaure, shi ne ɗan aike, shi ne baƙauyen da aka kawo don ya yi kwaɓa a yi dariya. In kuwa marubuci ya yi ƙarfin hali ya ba talaka budurwa, to, a jira babi na ƙarshe. Ashe ɗan attajiri ne aka sace shi yana jariri, ko kuwa wani Alhaji ya gamu da shi a hanya ya ba shi jari, kafin a ci shafi 10 ya zama mai gidan sama. Watau marubucin bai yarda a ɗaura auren ba sai da ya tuɓe masa talaucin tukuna, kamar a ce so bai halatta ga mai kanta a hannu ba.

Haka kuma wajen baƙin ciki. Yarinya ta sha auren dole, ta sha duka, ta sha saki, ta yi rabin littafi tana kuka. Mai karatu ya ƙosa ya ga yadda za ta warke. Sai kawai ga wani mai kuɗi ya gan ta, ya aure ta, ya ɗauke ta a jirgin sama zuwa Dubai, ta komo ta yi fari ta yi ƙiba, shi ke nan wai ta manta. Duk wanda ya taɓa zama da wadda aka zalunta a gidan miji ya san wannan ƙarya ce. Miki ba ya warkewa don an rufe shi da leshi. Ƙaryar kuwa tana da ɓarna. Budurwar da ta ƙoshi da irin wannan karatu ta kan dubi saurayin unguwarsu, mai faci ko maɗinki, ta ga ba ya cikin lissafi. Shi kuma saurayin ya kan dubi kansa ya ga ba shi da daraja, sai ya bar gari ya nemo kuɗi ta kowace hanya. Bazawarar da ta san babu jirgin da zai zo ɗaukarta kuwa, sai ta ɗauka ita tata ta ƙare.

Ba haka rubutun boko ya faro ba. A shekarar 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da ofishin fassara na Zariya, ya nemi malaman ƙasar Hausa su rubuta labarai na ƙagawa. Littattafai 5 suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, mutumin maƙwabtan Karaye, sa'an nan da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. A cikin biyar ɗin nan Jiki Magayi shi ne labarin so, kuma abin da ya ƙunsa shi ne yadda wani attajiri ya sa dukiyarsa ya raba saurayi da yarinyar da su ke son juna. Littafin bai ɓoye zafin abin ba, bai kuwa mai da saurayin abin dariya ba. Amma maganin da saurayin ya nema ramuwa ce, ya tafi neman asirin da zai lalata ɗan da aka haifa, daga ƙarshe sharrin ya ci kowa. An nuna mikin sosai, ba a nuna warkewarsa ba. Tun daga lokacin tambaya ɗaya ta rage a ƙasa ba a ɗauka ba: mutumin da aka yi wa haka, wanda ba shi da kuɗi, ba ya kuma son ya hallaka kansa da ramuwa, yaya zai yi zuciyarsa ta koma daidai?

Bayan haka an daɗe kafin labarin so ya sake samun kasuwa. A shekarar 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuwa samari da mata a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ba su jiran kamfani, har waɗansu malaman jami'a suka sa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano. Ya kamata duk wanda ya fito daga ajin manya ya san cewa biyu daga manyan marubutan wannan zamani irinsa ne. Ado Ahmad Gidan Dabino karatun allo ya fara yi, boko kuwa a ajin manya na yamma ya same shi. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta koma ajin manya. Littafin Ado Ahmad, In Da So Da Ƙauna, wanda ya fito a 1991 ya kuma game ƙasar Hausa, a kan saurayi marar hali ya ke, da 'yar masu kuɗi wadda ta gwammace ta faɗa rijiya da a ba ta ga attajirin da ba ta so. Waɗanda suka aza harsashin ginin nan sun san talaka, domin a cikinsa suka tashi. 'Yan baya ne suka ɗauki motocin da gidajen saman, suka bar mutumin.

In aka yi wa marubutan nan magana, hujjarsu ta fari ita ce wai zaman ƙauye ba labari a cikinsa: a tashi, a je gona, a komo, a ci tuwo, a kwanta. Mai faɗin haka bai san ƙasar Rogo ba. A nan kusa da Zarewa a ke da Karo, inda Baba ta tashi, wadda aka haifa wajen 1877 ta rasu a 1951. A ƙarshen 1949 da farkon 1950 ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin zamanta na duniya, aka buga shi da Turanci a Landan a 1954, har yau kuwa masu nazarin al'adun Hausawa a jami'o'in duniya suna karanta shi. Me ke ciki? Danginta manoma ne da malamai. An yi mata auren zumunci alhali akwai wanda ta ke so, ta zauna don girman iyaye, daga baya ta fita ta sake aure. Ta yi aure 4, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta riƙi 'ya'yan waɗansu ta aurar. Ta ga zamanin hare-hare da kamun bayi, ta ga zuwan Turawa. A dukan wannan babu mota, babu jirgin sama, amma mai karatu ba ya iya ajiye littafin. In tsohuwa ɗaya daga ƙauye ɗaya ta cika littafi har ya ƙetare teku, ina dalilin da za a ce Karaye da Rogo gaba ɗaya ba su da labari?

Kuma ƙasar ba a tsaye ta ke ba. A shekarar 1992 aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye. Ruwa ya ci gonaki da mazaunai, mutane suka tashi suka sake matsuguni, waɗansu suka kama su, waɗansu suka kama noman rani. Mutumin da gonar kakansa ta ke ƙarƙashin ruwa, yana bi ta kanta da kwalekwale kowace safiya, ashe ba shi da abin da zai gaya wa budurwa? A fadamun Rogo a kan sare rake, a matse, a dafa mazarƙwaila, mutum ya kwana a bakin wuta hayaƙi na cin idonsa, yana lissafin faifai nawa zai sayar kafin ya haɗa kayan lefe. Da kaka ta wuce samari su kan tafi cin rani, wani ya yi dako a kasuwar Dawanau, wani ya tura kurar ruwa a Kano, wani ya yi leburanci wajen magina, su bar mata da alkawari a gida. Wa ya komo, wa bai komo ba, wa ya tarar an ba da wadda ya bari? Wannan duka hatsi ne a tsaye a gona, marubuta sun wuce shi sun tafi kalar abin da ya zuba daga fina-finan waɗansu.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta fari ƙarfi, ya kuwa kamata a saurare ta. Su kan ce mai karatu ya gaji da wahala, in ya buɗe littafi hutu ya ke nema, ba ya son a sake nuna masa bukkar da ya kwana a ciki. Littafin talaka kuma ba ya sayuwa. Gaskiya ne mutum yana bukatar hutu, tatsuniya ma ai da 'ya'yan sarki a ke yinta tun kaka da kakanni. Amma mai tatsuniya ta kan rufe da faɗin cewa ƙarya ta yi, yaro kuwa ya san babu gizo a bayan gari. Littattafan nan su suna kiran Kano da Kaduna da Abuja, suna kiran unguwanni da sunayensu, suna cewa haka duniya ta ke. Hutun da mutum zai tashi daga gare shi yana ƙyamar gidansa da mijinsa, wannan ai ba hutu ba ne, bashi ne mai ruwa.

Batun rashin sayuwa kuwa, Balaraba Ramat ta riga ta ba da amsa. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi wadda mijinta ya kora da 'ya'ya 9 saboda sabuwar amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Ko da ya ke 'yarta ta auri mai hali, tukunyar Rabi ita ce ta riƙe littafin. A Wa Zai Auri Jahila? kuma, yarinyar da aka cire daga makaranta aka ba tsoho ita ce ta gudu birni, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar asibiti. A nan karatu da sana'a su ne suka ta da wadda aka kayar. Littattafan nan an saye su, an karanta, ba a kuwa manta da su ba. Abin mamaki ma, da aka tashi fassara labarin Rabi zuwa Turanci, wanda Aliyu Kamal ya yi, wani kamfani ne mai suna Blaft ya buga shi a 2012, a birnin Chennai na kudancin Indiya. Mai sayar da tuwo ta Kano ta je inda 'ya'yan Alhazan littattafai ba su je ba.

Tun da magana ta kai Chennai, ya kyautu a tsaya a dubi mutanenta, gama akwai abin koyi. Hausawa sun saba da fina-finan Indiya tun zamanin silima, amma Indiya ba harshe ɗaya ba ce. A can ƙarshen kudu akwai al'umma da a ke kira Tamil, masu harshensu da rubutunsu tun zamani mai nisa, babban birninsu kuwa shi ne Chennai, wanda a ke kira Madras kafin 1996. Su ma suna da tasu kasuwar ƙananan littattafai masu araha, na soyayya da na 'yan sanda, kamfanin nan na Blaft ma ya tattara waɗansu ya fassara a 2008. Su ma ba su rasa samarin littafi masu kamfani da mota. Amma a cikinsu aka sami Jayakanthan, wanda aka haifa a 1934 ya rasu a 2015. Bai yi nisa a makaranta ba, ya yi aiki a gidan buga takardu, da ya kama alƙalami kuwa sai ya rubuta masu jan keken haya, da 'yan dako, da mazauna bukkokin bayan birni, da irin maganar da su ke yi a bakin titi, ya nuna suna so, suna kishi, suna yafewa kamar kowa. Ba a ƙi karanta shi ba. Shi aka ba lambar Jnanpith ta 2002, wadda ita ce mafi girma a fagen rubutu a Indiya. Akwai kuma wata marubuciya, Rajam Krishnan, wadda ta kan je ta zauna cikin mutanen da za ta rubuta, masunta ne ko masu haƙar gishiri a bakin teku, ta ga aikinsu da idonta kafin ta sa alƙalami.

A wajen warkewar zuciya ma Jayakanthan ya yi abin da ya isa a tsaya a kai. Ya rubuta wani gajeren labari mai suna Agni Pravesam: wani mai mota ya yaudari wata 'yar makaranta a ranar ruwan sama ya ɓata ta, ta komo gida ta gaya wa uwarta. Uwar, mace marar ƙarfi, bayan ta gama faɗanta da kukanta, sai ta ɗebo ruwa ta zuba wa 'yar a ka, ta ce mata ta tsarkaka, ta tashi ta ci gaba da rayuwarta. Mutane da yawa suka yi ca a kansa. Sai ya sake ɗaukar labarin a wani babban littafi da ya fito a 1970, ya juya shi: a wannan karon uwar ta kwarmata, dangi suka juya wa yarinyar baya, aka bi ta shekara da shekaru a ga abin da hakan ya haifa. Littafin ya ci lambar hukumar adabi ta Indiya a 1972. Addininsu dabam, al'adarsu dabam, hukunta mai laifi kuma aikin alƙali ne wanda ba a cewa a bar shi. Amma abin lura shi ne inda marubucin ya ajiye maganin. Bai aiko da attajiri ba. Ya ajiye shi a hannun uwa, da bokitin ruwa, da kalmar da ta faɗa a daren farko. Bahaushe yana da sunan wannan, shi ne rufin asiri, ya kuwa fi kowa sanin darajarsa.

To, yaya littafin da a ke nema zai kasance? A ɗauki misali, ba don ya faru ga wani sananne ba, sai don a ga fasalin. Ga masunci a Turawa, bakin ruwan Challawa, matarsa ta rasu a kan gwiwa ta bar masa jaririya. Tun ran nan ya daina zama a majalisa, in ya fito daga ruwa sai ya shige ɗaki. Ga kuma bazawara mai suyar kifi, wadda aka yi wa auren dole ta fito da tabo a jiki, in namiji ya ɗaga murya ko ba da ita ya ke ba sai hannunta ya kama rawa. A wajen cinikin kifi su ke haɗuwa, wata da watanni ba abin da ke shiga tsakaninsu sai gaisuwa da lissafi. Wata rana iska ta kayar da dangar gidan uwarta, ya zo da kara da igiya ya gyara, bai ce kome ba ya tafi. Gwaggonsa ta lura, ƙawar bazawarar ta lura, manya suka shiga magana. An ɗaura aure da sadaki daidai ƙarfinsa. Ba a nan labarin ya ƙare ba, a nan ya fara. Ran da gishiri ya zarce a miya, ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran mari, shi kuwa ya ci ya sha ruwa ya yi hamdala, ta koma madafi ta fashe da kuka ba ta san dalili ba. Ran da ya fara ambaton marigayiya a gabanta, ya yi shiru yana jiran kishi, ita kuwa ta ce Allah ya jiƙanta, ta ci gaba da tsefe wa yarinyar kai. Shekara ta zagayo, kifi ya yi ƙaranci, suka yi faɗa a kan kuɗin cefane, ta yi yaji, ya je biko da kunya, ta komo. Har littafin ya ƙare yana nan masuncinsa, tana nan mai suyarta, amma ya koma majalisa, ita kuma hannunta ya daina rawa.

Wani zai ce Bahaushen ƙauye ba ya furta abin da ke ransa, kunya ta hana, to, me marubuci zai rubuta? Ai nan ne gwaninta ta ke. Kowa ya iya cika shafi da kalaman da aka aro daga waƙar fim. Amma nuna so a cikin gyaran danga, da ƙosan da aka ƙara a kan na kuɗi, da fitilar da aka bari a kunne don mai dawowa da dare, wannan sai wanda ya zauna da mutane ya lura da su. Al'ada da addini kuwa sun riga sun shirya wa baƙin ciki matakai: akwai zaman makoki, akwai takaba, akwai idda, akwai biko, akwai ƙawa da amini, akwai gwaggo wadda a ke gudu wurinta. Dukansu suna nuna abu guda, watau zuciya a hankali ta ke warkewa, kuma a cikin mutane. Marubucin da ya tsallake wannan duka ya kira jirgin sama, ragwanci ne ya yi.

Akwai kuma waɗanda ke ganin maganin abin shi ne wuta. A shekarar 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara waɗansu littattafan Hausa an ƙone a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, don a ce suna ɓata tarbiyya. Littattafan ba su ƙare ba, daga baya ma sai suka koma cikin waya, inda ashana ba ta kai. Wuta ba ta san tsaba ba, ba ta san ƙaiƙayi ba. Mai jin yunwa in aka ƙwace masa abinci marar kyau ba a ba shi mai kyau ba, wani marar kyaun zai nema. Kuma bukatar a fili ta ke. Tun 2012 gwamnatin Kano da hukumar Hisba suka shiga aurar da zawarawa, ana ba da gado da katifa da ɗan jari. Aikin alheri ne. Amma hukuma tana iya sayen katifa, ba ta iya sayen haƙurin da miji zai yi da matar da ta zo masa da tsoro, ko sanin yadda a ke zama da 'ya'yan wani. Wannan a gida a ke koyonsa, in kuwa gida ya gaza, littafi mai gaskiya yana iya taimakawa, domin yana shiga ɗakin da mai wa'azi ba ya shiga, yana kuma faɗin abin da surukai ke jin nauyin faɗa.

Saboda haka ga kira ga mutum uku. Marubuci ya bar kujerarsa ya hau motar Rogo, ya kwana biyu wurin masu dafa mazarƙwaila, ya tambayi kuɗin taki da kuɗin ƙwadago, ya ji yadda mata ke magana a gidan suna, sa'an nan ya rubuta saurayin da zai shiga littafi da fartanya ya fita da ita, ya kuma sami matarsa da mutuncinsa. Hukumomin ilmi da masu shirya gasar rubutu su tuna cewa a shekarun 1950 hukumar NORLA ta Zariya ta buga ƙananan littattafai musamman domin waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci. Koya wa mutum karatu a bar shi ba abin karantawa na kirki kamar a haƙa rijiya ne a hana guga. Mai karatu kuwa, shi ne mai babban iko, domin kuɗinsa a ke nema. In ya karanta littafi ya ga an mai da irinsa abin dariya, ya faɗa wa mai sayarwa, ya faɗa wa mai ba da aro. In ya sami wanda ya faɗi gaskiyar zamansa, ya saya, ya karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Sa'an nan kada ya tsaya nan. Hannun da ya koyi rubuta wasiƙa ya iya rubuta labari. Baba ta Karo ba ta iya boko ba, sai da baƙuwa ta zo daga Ingila kafin a ji ta. Jikokin zamaninta da ke Zarewa da Beli da Yammedi da Kurugu yau sun iya, ba su da sauran jiran baƙo. Littafin rubutu guda da alƙalami sun isa a fara, labarin kuwa yana nan a bayan danga.

Allah ya sanyaya zukatan da suka ƙuna, ya sa albarka a gumin mai nema, ya kuma ba masu alƙalami ikon cika mudu. Amin.